Inna da Surukinta a Cikin Rafi

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan yake nufi. Ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana ido da ido sai dole ta kama, in baƙo ya tambaye ta ko ni 'yarta ce sai ta ce ai 'yar gidan nan ce. Ana yaye ni goggona ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, tsakar gida ɗaya da Inna amma kamar maƙwabta. In tana son in yi wani abu, ƙanwata take gaya wa, ina zaune ina ji: "Ki ce wa waccan ta kwashe geron nan, hadari ya taso." Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Kunya ce, da ita muka buɗe ido, kuma da ita ake gane mace mai mutunci a wurinmu.

Gidanmu ɗaya ne daga cikin gidajen Maguzawa da ke warwatse cikin gonaki a ƙasar Rogo, can wajen Zoza. Dawa muke nomawa da gero da gyaɗa. Fulani suna gefenmu, shanunsu su ci karan gonarmu su bar mana taki, kasuwa kuma ɗaya muke ci da ƙauyukan Musulmi. Babanmu ya mutu yana riƙe da tsafin gidansu. Ni kuwa tun ina ƙarama na maƙale wa wani tsohon mai bishara da ya kafa rumfa a unguwarmu yana koya wa yara karatu. Aka yi mini baftisma ina budurwa, na auri wani saurayi wanda shi ma aikin bishara yake yi. Shi ne maigidana. Kowa Malam yake ce masa, har ni.

To, in kunyar 'yar fari tana da nauyi, ta mijin 'yar fari ta ninka ta. Inna ba ta taɓa cin abinci a gaban Malam ba, ko ruwa ba ta kurɓa. In ta hango shi a hanya sai ta ratse cikin gona ko da ƙaya ce a wurin, shi kuma ya diro daga keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa yana gaida dawa, don ita kam ta riga ta ɓace a ciki. Na sha yi masa dariya a kan wannan, in ce, "Malam, dawar ta amsa kuwa?" Gaisuwarsu ta gida ta bayan zana ce, shi a waje ita a ciki, muryarta can ƙasa. Sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba, nasa ma bai taɓa fita daga nata ba. Amma fa tana ji da shi. Maraya ne tun yana yaro, kuma ta sani. Sabuwar gyaɗa, daddawar da ta fi kyau, zakaran da ya fi ƙiba, duk sai ta ɗora wa yaro ta ce a kai wa mutanen gidan can, kowa kuma ya san mutum ɗaya take nufi.

Bayan rasuwar Baba, wajen tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin, wata Lahadi muka ga Inna ta shigo sujada ta zauna a bencin baya. Ba wanda ya kira ta, ba ta kuma yi wa kowa bayani ba. Abin da ya biyo baya ne ya nuna da gaske take. Inna mai dafa giya ce, giyarta kuma ta yi suna, daga gidaje masu nisa ake takowa a sha, da ita ta ciyar da mu. Tsohon mai bishara ya ce mai bin Yesu ba ya dafa giya, sai ta wanke manyan tukwanenta ta kife su a bayan ɗaki, ta koma yin daddawa. Da ƙannen Baba suka zo karɓar baƙin bunsurun da za a yanka wa tsafin gida, ta ce ba ta bayarwa. Suka ƙwace gonar da take nomawa tun tana amarya, suka daina gaishe ta. Ba ta kai ƙara ko'ina ba. Ta shiga ajin baftisma tare da yara sa'annin jikokinta, ba ta iya karatu ba, sai ta haddace tambayoyin da amsoshinsu da ka.

A ikilisiyarmu ba kowa ke yin baftisma ba, sai faston da aka naɗa. Kuma sau ɗaya ake yi a shekara, da kaka, kafin rafin bayan gonakinmu ya ƙafe, don mu nutsar da mutum muke yi gaba ɗaya, ba yayyafi ba. Da can wani tsohon fasto ne ke zuwa daga nesa a kan babur. A shekarar da Inna ta gama aji aka ɗauke shi zuwa wani wuri, Malam kuma ya gama makarantar horon fastoci, aka naɗa shi, aka damƙa masa duk ƙananan majami'un yankinmu. Murna a wurina ba a magana. Ina tsakiyar rabon waina ga masu zuwa barka, ƙanwata ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, to yanzu wa zai sa Inna a ruwa?"

Na tsaya da faranti a hannu, don na san yadda ake yi, an yi mini. Fasto yana tsaye cikin ruwa har ƙugu. Za ki taka ki je gabansa, ya dube ki ya tambaye ki ko kin ba da gaskiya, ki amsa da ƙarfi kowa ya ji. Ya kira sunanki. Ya sa hannu ɗaya a ƙeyarki, ɗaya ya riƙe hannuwanki a ƙirji, ya kwantar da ke baya cikin ruwa ya ɗago ki, zane ya manne miki a jiki, ga jama'a cike da bakin rafi. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da zai yiwu tsakanin Inna da Malam.

Da na tayar masa da maganar, cewa ya yi, "A cikin ruwa ni ba surukin kowa ba ne. Bawan Ubangiji ne." Ya faɗa da murya irin ta wa'azi. Amma tuwon ranar ko rabi bai ci ba.

Ranar baftisma masu shiga suka yi layi a bakin rafi, maza a gaba, mata a baya, kowa da farin kaya. Inna tana cikinsu, na gan ta da idona, na ce to Allah ya kawo mana sauƙi. Matan zumuntar ikilisiya suna waƙa suna kaɗa tulu. Sai na lura duk sanda layi ya matsa, Inna sai ta ja baya ta ce wa ta bayanta, "Wuce, 'yata." Wannan ta wuce, waccan ta wuce, har ta zama ta ƙarshe. Malam ya ɗago yarinyar da ke gabanta, ya share ruwa daga fuskarsa, ya dubi bakin rafi. Babu kowa a layi. A gida muka same ta, ta ninke farin zanen ta ajiye a kan gado, tana zaune tana ɓare gyaɗa. Ta ce wa ƙanwata, "An watse lafiya?" Iyakar abin da ta ce ke nan.

Wanda ba a yi wa baftisma ba ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke rabawa a sujada. In lokacin ya yi, a wurinmu sai a ce waɗanda ba su kai ba su ɗan fita. Yara su fita a guje, Inna ta bi bayansu a hankali ta zauna a gindin darbejiya. Ta taga nake hango ta. Matar nan ita ke share majami'ar tun kafin kowa ya zo. Ita ke jinyar marasa lafiya, ita ke wanke gawa in wata ta mutu ba ta da kowa. Ni kuwa ina bencin gaba, matar fasto, an kafa ɗauri, ana miƙo mini gurasa.

Dattawan ikilisiya suka zauna a kan maganar a zaurenmu, ina jin su daga tsakar gida. Wani daga cikinsu, mai son a ce ya fi kowa sani, ya ce shi dai yana ganin tsohuwar nan ƙafarta ɗaya tana cikin tsafi har yanzu, shi ya sa ruwan ke korarta. Ban san lokacin da na yar da muciya na tsaya a bakin zaure ba. Na ce, "Haba Baba, da girmanka. Wadda aka ƙwace wa gona don ta hana bunsuru ita ce mai ƙafa a tsafi? Ku wa ya taɓa ƙwace muku ko zangarniya ɗaya saboda Yesu?" Malam ya ce in koma ciki. Na koma, amma sai da na gama faɗa.

Kowa a zauren nan ya san ainihin abin, don kowannensu yana da suruka. Faɗarsa ce ta yi musu nauyi. Daga baya suka fara kawo dabaru. Wani ya ce a lulluɓe mata fuska da mayafi, kamar fuskar ce kaɗai matsalar. Wani ya ce dattijo ya riƙe ta, Malam ya yi maganar daga nesa, aka ce tsarin ikilisiya bai yarda ba. Sai aka tsaya a kan wadda ta fi sauƙi: akwai fasto a wajen Karaye, a kai ta can ranar tasu baftismar, a yi mata, ta dawo. Na ce madalla, ashe ma abin ba wuya. Na tura ƙanwata da saƙon, na bi ta na tsaya a bakin ƙofa.

Inna ta saurara har ƙarshe, tana tankaɗe. Sannan ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya wa masu aiken, in na tsallake na tafi Karaye, me za a ce? Za a ce ga fasto a gida, amma uwar matarsa ta raina hannunsa, ta je neman na wani. Yaron da bai daɗe da hawa ba. Ni ba zan zubar masa da mutunci a gaban mutanensa ba."

Ƙanwata ta ce, "To Inna, ki bari ya yi miki mana."

Ta ce, "Ke ma kin san ba ya yiwuwa."

"To yaya za a yi?"

"Oho," in ji Inna, ta ci gaba da tankaɗenta.

Nan kaina ya kulle, kuma in faɗi gaskiya bai sake buɗewa ba. Ba za ta je wurinsa ba saboda girmansa, ba za ta je wurin wani ba, shi ma saboda girmansa. Na rasa wanda zan yi fushi da shi, sai na yi da kowa. Na yi da dattawa, na yi da ƙanwata da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, na yi da Malam, har na ce masa wa ya aike shi makarantar fastoci, ni da na fi kowa rawar kai ranar naɗinsa. Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono, ƙawata ce, kullum muna tsokanar juna. Da na ba ta labari ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Abu mai sauƙi. Ya sake ki ranar Asabar, a yi wa tsohuwa wankanta ranar Lahadi, Litinin ki koma ɗakinki." Na ce mu ba a saki a wurinmu. Ta ce, "To kun shiga uku." Sai kuma ta daina dariya, ta ce ita ma da za a ce sai mijin 'yarta ya riƙe ƙeyarta za ta shiga Aljanna, to sai ta zauna ta yi tunani tukuna.

Malam kan yi wa'azi cewa baftisma ita ce ƙofar almajirancin Yesu, mutum ya tsaya gaban jama'a ya nuna tsohon ransa ya mutu, ya tashi sabo, daga nan ya kama hanya. Ya ce umarni ne, kuma mai bi ba ya tsince umarnin da ya yi masa daɗi ya bar sauran. In na ji sai in ce gaskiya ne. In mutum ya ce yana bin Ubangiji amma akwai abu ɗaya da ya fi ƙarfin umarninsa, to wannan abin mene ne sunansa? Sai in waiwaya in hango Inna a gindin darbejiya, tunanin ya watse. Ni da aka yi wa baftisma ina budurwa, me na bari? Ban bar komai ba, sai ma samu da na yi, karatu da miji da bencin gaba. Ita ta bar sana'arta da gonarta da dangin mijinta, ta riga ta yi nisa a hanyar, ana kuma ce mata ba ta shiga ƙofa ba. Kuma kunya ba zunubi ba ce. Ba wanda ya taɓa tsayawa a gaban ikilisiya ya ce a daina jin kunyar suruki, Malam ɗin kansa bai fasa tuɓe takalmi a hanya ba. Wata rana na tambaye shi, "Malam, tsakani da Allah, ni da Inna wa ya fi bi?" Ya ce ba a auna wannan. Na ce ai kai kake aunawa duk ranar jibi. Ranar ba mu ƙara magana ba.

Kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Duk shekara ƙanwata kan wanke farin zanen, duk shekara Inna kan ce ƙafarta ke ciwo. Sai wani abu ya fara faruwa wanda ba wanda ya zata. Tsofaffin matan da suka tuba bayanta suka fara nauyin jiki da ajin baftisma. In aka tambaye su sai su ce ai ga uwar matar fasto ma ba ta shiga ba, kuma wa ya kai ta. Ba da mugunta suke faɗa ba, yabo ne. Layin mata a bakin rafi ya riƙa raguwa.

A lokacin babbar 'yata ta isa shiga aji. Ita da Inna kuwa abokan wasa ne, irin na kaka da jika, babu kunya tsakaninsu, duk abin da ni ban isa in faɗa ba ita sai ta faɗa tana cin abinci a kwanon Inna. Wata rana da la'asar muna gidan Inna ana ɓare gyaɗar iri, na ce wa yarinyar ta tashi ta tafi aji, lokaci ya yi. Ta ce ba ta zuwa. Na ce me kika ce? Ta ce, "Ni irin bin Kaka zan yi. Ba sai na shiga ruwa ba."

Na ɗaga hannu zan kai mata mari, ta ɓuya a bayan Inna. Inna ba ta dube ni ba. Ta juya ta dubi yarinyar ta ce, "Ke, wa ya ce miki ni ake bi?"

Yarinyar ta ce, "Kowa ma. An ce duk ikilisiya babu mai bi kamarki, ga shi kuwa ba ki shiga ba. Ni ma tsoron ruwa nake, kamar ke."

"Ni ce mai tsoron ruwa?"

"To tsoron me kike, tsohuwa?"

Inna ta juye gyaɗar da ke cinyarta cikin ƙwarya, ta kakkaɓe zane, ta ce wa yarinyar, "Tashi ki tafi ajinku, kada in saɓa miki." Ta shiga ɗaki, ba ta fito ba har muka tafi.

Da aka fara girbin gero ƙanwata ta zo mini da saƙo. Inna ta ce a gaya wa mutanen gidan can a sa ta a cikin na bana. Na ce ai kullum ana sa ta. Ƙanwata ta ce a'a, wannan karon da bakinta ta ce a wanke zanen. Magana ta zaga, tsofaffin nan da suka yi nauyin jiki suka koma aji. Na gaya wa Malam, ban kuwa ga murna a fuskarsa ba. A kwanakin nan sai in same shi a bayan gida yana motsa baki shi kaɗai. Da na matsa kusa sai na gane sunan Inna yake gwada faɗa, kuma ko shi kaɗai ba ya iya ƙarasawa.

Ranar, mutane sun fi na kullum yawa. Har waɗanda ba masu bi ba sun tsaya a can kan tudu, ƙannen Baba a cikinsu. Ruwa ya ja baya, amma akwai gurbi mai zurfi a gindin wata kanya, nan Malam ya tsaya. Aka gama da maza. Kafin mata su daidaita layi, Inna ta fito daga baya ta wuce kowa, ta taka cikin ruwa. Ba ta lulluɓe fuska ba. Na ɗauka za ta sunkuyar da kai, ba ta sunkuyar ba. Ta je gabansa ta tsaya, ruwa har ƙirjinta, don gajeruwa ce.

Malam ya yi tambayarsa. Ta amsa da ƙarfi, har na kan tudu suka ji. Sai aka zo wurin suna. Ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa. Kiɗan tulu ya tsaya, don masu kaɗawa sun sunkuyar da kai, wasu sun ja mayafi sun rufe fuska kamar su ake yi wa. Ni kaina ƙasa nake kallo, kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Sai na ji muryar Inna a fili tana yi masa magana, abin da ba a taɓa yi ba tun da ya aure ni.

Ta ce, "Malam, yi aikinka. Ruwan da sanyi."

Ya faɗi sunanta. Ya sa hannu a ƙeyarta, ya kwantar da ita, ya ɗago ta. Mata suka ɗauki waƙa amma ba ta haɗu ba, wasu suna gaba wasu suna baya. Ni ke riƙe da busasshen zane a bakin ruwa. Ta karɓa ba ta dube ni ba, ta yafa, ta tsaya a gefe har aka yi wa jikarta da tsofaffin da suka biyo bayanta, don ranar layin mata ya yi tsawo.

Lahadin da ta biyo baya, da aka ce waɗanda ba su kai ba su fita, yara suka fita, Inna ta zauna. Dattijo ya kai faranti bencin baya. Na waiwaya na ga ta ɗauki gurasar ta sa a baki, Malam yana tsaye a gaba. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya warware mana.

Bayan an gama sussuka, wata safiya ƙanwata ta zo ta ce Inna tana ɗaure kaya. Wai za ta je wurin ƙanenta da ke zaune a wani ƙauye gaba da Karaye, ta ɗan kwana biyu. Na je na tarar ta rabar da awaki da tukwane, an ɗora gadonta a amalanke. Mai kwana biyu ba ya tafiya da gado. Ranar na manta ni 'yar fari ce, na tsaya a gabanta na ce, "Inna, me muka yi miki? Ba an gama ba? Ba abin da muke nema ke nan ba?"

Ta ci gaba da ɗaure ƙullinta. Ta ce wa ƙanwata, "Ki ce mata ba wanda ya yi mini komai. Na yi abin da aka umarta, kuma ban yi nadama ba. Amma mutumin da ya riƙe ƙeyata ya kira sunana, ba zan iya zaman wuri ɗaya da shi ba. Shi ma ba zai iya ba, faɗa ne kawai ba zai yi ba."

Malam ya zo a keke yana haki, ya durƙusa a bayan zana ya yi gaisuwa. Ba a amsa ba. Ya sake. Ƙanwata ce ta fito ta ce masa Inna ta ji. Ta bayan gida aka fita da ita.

A can ta zauna har ƙarshen ranta. Akwai 'yar majami'a a ƙauyen, ba ta cikin waɗanda ke hannun Malam. Tana share ta, tana cin jibi, an ce har ita ke raka tsofaffi ajin baftisma. Na haihu bayan nan, ba ta zo suna ba. Nakan je in gan ta in na samu motar kasuwar Karaye, in same ta lafiya lau, tana daddawarta, tana faɗa da kajin ƙanenta. Ban taɓa ganin alamar baƙin ciki a tare da ita ba, wannan ma ya ƙara ɗaure mini kai. Malam bai taɓa bina ba, ya ce in ya je to ya kore ta daga can ma.

Mutane suka yi ta yi masa barka, wai ya ci nasara a kan tsohuwar al'ada. Wani fasto baƙo har ya kawo labarin cikin wa'azi, ya ce ga misalin bin Yesu. Ina zaune ina ji, na rasa ko in ce amin. Har yau in aka ce in koya wa 'yan mata abin da baftisma take nufi, ina faɗin abin da aka koya mini, kuma na yarda da shi. Amma in wata ta tambaye ni ko Ubangiji ne ya nemi wannan daga Inna, ko mu ne, ko ita ce ta ɗora wa kanta, ba ni da amsa.

Duk dawowar da zan yi daga wurinta, sai in tarar da Malam a bakin hanya inda mota ke sauke mu, wai ya zo ɗaukar mini kaya. Sai mun yi nisa, yana tura keke, sannan ya tambaya, ba ya dubana. "Tana lafiya?" In ce lafiya lau. Mu ƙara tafiya. "Ta ce wani abu?" Ba ta taɓa ba ni saƙo ba, ko sau ɗaya. Da fari nakan ce masa tana gaishe shi. Wata rana ya tsayar da keken ya ce, "Ki daina. Na san ba ta ce ba." Amma zuwa na gaba sai da ya sake tambaya.